Daga idon saniya zuwa kwamfuta: yadda ake lissafa matakin farko na gani

Duk wanda zai gina samfurin furotin ɗin gani a kwamfuta, da idon saniya zai fara. A mahauta ana samun idanun shanu birjik, kuma furotin ɗin nan mai suna rodofsin kusan iri ɗaya ne a jikinmu da nasu: amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, 348 a kowanne, fiye da kashi 90 cikin ɗari kuma jerinsu ɗaya. Masu bincike kan feɗe idon a ɗaki mai jan haske dishi-dishi, su ɗaye ratina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, su tace furotin ɗin, su daskarar da shi ya zama kiristal, sannan su harba masa hasken eksire. Ta wannan hanya Krzysztof Palczewski da abokan aikinsa suka fitar da siffarsa a 2000, Tetsuji Okada da nasa mutanen kuma suka fitar da wadda ta fi fitowa sarai a 2004. Ta biyun tana rumbun Protein Data Bank da lamba 1U19, kyauta ce, ko da talho ana sauke ta.

Fayil ɗin jerin layuka ne kawai, kowane layi atom ɗaya da lambobi uku masu nuna mazauninsa. In ka buɗe shi da manhajar PyMOL ko VMD za ka ga murɗaɗɗun ginshiƙai bakwai a tsaye sun yi kewaye, a tsakiyarsu ga wani ɗan sinadari a kwance. Sunansa retinal, daga bitamin A jiki ke yin sa. Kabon 20 gare shi: zobe a kai ɗaya, sai doguwar wutsiya wadda ɗauri guda da ɗauri biyu, wato haɗin da ke tsakanin atom da atom, ke bin juna a jikinta. Ƙarshen wutsiyar ya kama amino asid na 296, laisin, ta wani atom na naiturojin mai riƙe da haidurojin ɗaya da cajin ƙari. Dab da shi ga gulutamet na 113 da cajin ragi, yana tokare da wancan cajin.

A duhu wutsiyar a lanƙwashe take tsakanin kabon na 11 da na 12, siffar da ake kira 11-cis. Ƙwayar haske ɗaya in ta faɗa mata takan miƙar da ita. A 1991 aka auna tsawon wannan miƙewa a Berkeley ta Amurka, a ɗakunan binciken Richard Mathies da Charles Shank: femtosakan 200. Femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan, kuma a cikin 200 ɗin nan haske kansa bai wuce tafiyar kaurin silin gashi ba. Cikin ƙwayoyin haske 100 da aka haɗiye, wajen 65 ne ke kai wa ga miƙewa. Abin da ya biyo baya sananne ne: furotin ya sauya siffa, ya tayar da wani mai suna tiransdusin, wannan ya tayar da enzaim mai cinye cGMP, sinadarin da ke riƙe ƙofofi a buɗe, ƙofofin da ke fatar ƙwayar halitta suka rufe, saƙo ya kama hanyar ƙwaƙwalwa. Tun 1979 Denis Baylor da abokansa suka nuna cewa ƙwayar halitta mai siffar sanda guda ɗaya tana amsa ƙwayar haske guda ɗaya.

Abin mamakin shi ne, in ka ciro retinal ɗin nan daga furotin, tare da naiturojin ɗinsa mai caji, ka narka shi a methanol, sai ya zama rago. Miƙewarsa takan ci fikosakan da dama (fikosakan ɗaya femtosakan dubu ne), nasararsa ta faɗo zuwa wajen kashi 20, launin da yake haɗiya ma, wanda ake aunawa da tsawon zangon haske, ya sauya daga nanomita 498 zuwa 440. Ke nan aljihun da furotin ya yi masa shi ne ke ba shi sauri da saiti da launi. Yaya yake yi? Kiristal hoto ne a tsaye, ba ya nuna motsi, ba ya nuna ilektiron. Nan kwamfuta ke shigowa.

Gyaran fayil

A ganina, mafi yawan samfuran da suka lalace a wannan mataki suka lalace, tun kafin a taɓa lissafi mai tsada. Aiki ne na haƙuri wanda ɗalibai ke son tsallakewa.

A cikin 1U19 kwafi biyu ne na furotin, A da B. Ɗauki ɗaya. Akwai kuma tarkacen da aka zuba don kiristal ya kama: atom na zaiba da na tutiya, da ɓurɓushin sabulun da aka narka furotin da shi. Waɗannan duk a share. Amma kada hannu ya zarce. Retinal ya tsaya. Sarƙoƙin kitse biyu da ke maƙale a sistin na 322 da na 323 su tsaya, su ne ke kafe jelar furotin a jikin fata. Gadar salfa tsakanin sistin na 110 da na 187 a tabbata manhaja ta gane ta, in ba haka ba murfin da ke rufe da aljihun retinal zai saki tun ana cikin ɗumama. Sai ruwa. Manhajoji da yawa kan share duk ƙwayoyin ruwan kiristal da kansu ba tare da sun tambaye ka ba, alhali ƴan ƙwayoyin da ke cikin furotin, musamman na kusa da gulutamet na 113 da na 181, suna cikin sarƙar da ke riƙe da cajin wurin. In ka rasa su, aljihun zai lotsa.

Babbar matsalar ita ce haidurojin. Hasken eksire ilektiron yake gani, haidurojin kuwa guda ɗaya tak gare shi, don haka kusan rabin atom ɗin furotin ba sa cikin fayil. Kai za ka sa su. Manhaja tana da ƙa'idarta ta gama-gari: duk asfatet da gulutamet ta ba su cajin ragi, kamar suna yawo a ruwa. A cikin ginshiƙan da ke nutse a kitse ba haka abin yake ba. Awon hasken infirared a farkon shekarun 1990 ya nuna asfatet na 83 da gulutamet na 122 suna riƙe da haidurojin ɗinsu, ba su da caji. Na 122 ɗin nan gefen zoben retinal yake. Ka bar shi da caji, launin da za ka lissafa zai karkata wajen ja, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito ya gargaɗe ka. Gulutamet na 113 dole ya zama mai caji. Na 181 kuwa an daɗe ana ja-in-ja a kansa, kowane ɓangare da hujjarsa ta gwaji da ta lissafi. Mai hankali samfuri biyu yake ginawa, ɗaya da caji ɗaya babu, ya faɗi abin da kowanne ya bayar. Naiturojin ɗin laisin na 296 a duba shi da ido. Manhaja takan ba shi haidurojin uku kamar kowane laisin, ko ta hana shi baki ɗaya. Guda ɗaya ne haƙƙinsa.

Daga nan sai a dasa furotin a fatar kitse. Shafin CHARMM-GUI na yin wannan kyauta. Yawanci ana amfani da kitsen POPC don sauƙi, ko da yake fatar gaskiya a cikin sanda cike take da kitsen DHA mai laushi. Ga wanda ke neman launi da femtosakan 200 na farko bambancin kaɗan ne, ga mai bin motsin ginshiƙai kuwa ba kaɗan ba ne. A zuba ruwa sama da ƙasa, gishiri mol 0.15 a lita, zafi digiri 310 na Kelvin, wato zafin jiki. Akwatin zai kai atom dubu gommai. A fara sassauta wuraren da atom suka hau kan juna, sannan a ɗumama a hankali furotin yana ɗaure, a riƙa kwance ɗaurin mataki-mataki. Wanda ya saki komai lokaci ɗaya, ruwa zai kutsa ta gibin da ke tsakanin kitse da furotin kafin kitsen ya rungume shi. Takun lissafi femtosakan 2 ne, da manhajar GROMACS ko NAMD ko OpenMM. Abu biyu ake sa wa ido: tazarar naiturojin da oksijin ɗin gulutamet na 113, wadda bai kamata ta yi nisa da angstrom 3 ba (angstrom goma ne nanomita ɗaya), da kusurwar ɗaurin 11 da 12, wadda ya kamata ta zauna a ɗan murɗe, digiri goma sha wani abu, ba shafe sumul ba. Wannan murɗar ba kuskure ba ce. Rukunin metil da ke kan kabon na 13 yana gogar haidurojin ɗin kabon na 10, aljihun kuma yana matsa wutsiyar gefe guda, shi ya sa kullum ta fuska ɗaya take juyawa.

Inda ake yanka

Duk wannan lissafi na sama yana ɗaukar atom a matsayin ƙwallo mai caji kafaffe, ɗauri kuma abu ne mai miƙewa ya dawo. Yana da arha, amma bai san ilektiron ba, balle ya san abin da haske ke yi masa. Lissafin kwantum ya san ilektiron, sai dai tsadarsa ba ta barin a yi wa atom dubu. Arieh Warshel da Michael Levitt suka kawo mafita a 1976: a yi wa ɗan wurin da sinadari ke sauyawa lissafin kwantum, sauran a bar su a mai arha, a bar ɓangarorin biyu suna jin cajin juna. Wannan hanya ta QM/MM tana cikin ayyukan da suka jawo musu kyautar Nobel ta 2013 tare da Martin Karplus.

A rodofsin ana yanka ne a jikin laisin na 296, tsakanin kabon biyu na ƙarshen sarƙarsa, a toshe bakin yankan da haidurojin na aro. Retinal, da naiturojin da haidurojin ɗinsa, da kabon ɗaya na laisin da haidurojin ɗinsa biyu, da na aron: atom 54. Kada a yanka kusa da ɗauri biyu, kada kuma a bar cikakken caji na ɓangaren arha dab da haidurojin ɗin aro, don zai ja ilektiron ya karkatar da komai. Wasu kan shigar da gulutamet na 113 cikin ɓangaren kwantum. Ba laifi, amma in cajin sauran furotin bai zauna daidai ba, haidurojin zai tsallake daga naiturojin ya koma kan gulutamet, samfurinka ya koma haɗiyar wajen nanomita 380, hasken da ido ba ya gani.

Kafin a lissafa launi sai an sake daidaita siffar retinal da kwantum. Kiristal ɗin 2004 kaifinsa angstrom 2.2 ne, bambancin tsawon ɗauri guda da ɗauri biyu kuwa wajen 0.1 ne, kuma launi a kan wannan ɗan bambanci ya rataya. Tsawon ɗaurin da ke cikin fayil ba awo ba ne, ƙa'idar da masu kiristal suka ɗora ce.

Wace hanyar kwantum? Mai sauƙi da sauri ita ce TD-DFT, kuma ita ce ke fara jan hankalin kowa. Don ɗan leƙen launi tana iya amfani, amma ba ta jin tasirin cajin kewaye yadda ya kamata, kuma a daidai wurin da matakin ƙarfi na sama, wanda haske ke ɗaga ilektiron zuwa gare shi, ya haɗu da na ƙasa, wanda shi ne zuciyar al'amarin, siffar da take bayarwa ba daidai ba ce. Hanyar da ta yi suna a wannan fage ita ce CASSCF, a ɗora CASPT2 a kanta. Massimo Olivucci na Siena a Italiya da abokan aikinsa sun gwada ta a cikakken rodofsin tun 2004. Ana zaɓar ilektiron 12 na wutsiyar da mazaunai 12, wato wuraren da ilektiron ke iya zama, a bar kwamfuta ta gwada duk yadda za a iya rarraba su: hanyoyi 226,512. CASSCF ita kaɗai takan zuzuta bambancin tsawon ɗauri, ta ba da launi mai karkata wajen shuɗi sosai. CASPT2 ce ke gyara ƙarfin. Mazaunan nan 12 a zana su a kalle su ɗaya bayan ɗaya, kafin lissafi da bayansa, domin wani baƙon mazauni yakan saɗaɗo ya kori na gaskiya, lissafi kuma ya ƙare lami lafiya da amsar banza.

Launi, da iyakar abin da lissafi zai iya

Idan haske ya ɗaga ilektiron, cajin ƙarin da ke zaune wajen naiturojin yakan zame ya nufi zobe. Daga wannan magana guda ake gane duk saitin launi. Cajin ragi kusa da naiturojin yana kwantar da matakin ƙasa, gibin ya faɗaɗa, launi ya nufi shuɗi. Cajin ragi kusa da zobe yana kwantar da matakin sama, gibin ya tsuke, launi ya nufi ja. Retinal ɗin nan shi kaɗai a sarari, ba ruwa ba furotin, wajen nanomita 600 yake haɗiya; gulutamet na 113 ya ja shi baya sosai, sauran aljihun suka daidaita shi a 498.

Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni da almuru zai iya ganin sakamakon wannan lamba a rigunan dogarai. Da rana jan ne ke ɗaukar ido. In magariba ta kawo jiki, jan yakan riga koren dusashewa har ya koma kamar baƙi, koren kuwa da sauran haskensa. Aiki ne ya bar hannun ƙwayoyin gani na rana ya koma hannun sanduna, su kuma rodofsin ɗinsu kusan bai san ja ba. Jan Purkinje ya bayyana wannan a farkon ƙarni na 19. Dalili ɗaya ne ya sa ake feɗe idon saniya a jan haske.

Ƙwayoyin rana iri uku ne, duka da retinal guda, furotin ne ya bambanta: wajen nanomita 420, 530 da 560. Na kore da na ja kusan tagwaye ne, ƙwayoyin gadonsu ma a jere suke a kan kuromozom X, shi ya sa rashin bambance ja da kore ya fi kama maza. Mafi yawan tazarar nanomita 30 da ke tsakaninsu daga wurare uku take: na 180, 277 da 285. A na ja akwai serin, tairosin da tiriyonin, masu ɗauke da oksijin da haidurojin. A na kore alanin, fenilalanin da alanin, waɗanda ba su da su.

To ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Raba 28,591 da tsawon zango a nanomita, za ka sami ƙarfi a kilokalori kan mol. Nanomita 500 ya ba da 57.2, 530 ya ba da 53.9, 560 ya ba da 51.1. Duk bambancin ja da kore bai kai kilokalori 3 ba. Tsarin ARM da ƙungiyar Olivucci ta gina don haɗa irin waɗannan samfura kai tsaye, kuskurensa shi ma wajen kilokalori 3 ne, wato nanomita 25 sama ko ƙasa a kusa da 500. Ke nan kuskuren lissafi ya kai girman abin da ake son aunawa. Don haka in wani ya nuna maka samfuri ɗaya da ya ba da 499 ya ce ya dace da 498, kada ka tafa masa. Sau da yawa kurakurai biyu ne suka cinye juna: ƙaramin rukunin lissafi na 6-31G* yana tura amsa gefe guda, wani saiti na cikin CASPT2 yana tura ta ɗaya gefen. Abin dogaro shi ne bambanci. A lissafa furotin na asali da wanda aka sauya wa amino asid ɗaya, da hanya guda da saiti guda, a ga ko jan da aka samu ya bi fuskar da gwaji ya nuna, a furotin da yawa ba ɗaya ba. Kuma kada a tsaya kan hoto guda: a ɗebo aƙalla goma daga kwaikwayon motsi, a lissafa kowanne, a ɗauki matsakaici, a faɗi yadda suka warwatsu.

Femtosakan 200 ɗin

Tun 1976 Warshel ya yi hasashen cewa aljihun ya yi wa retinal ƙunci, ba zai iya wulwula rabin wutsiyarsa gaba ɗaya ba, sai dai ɗauri biyu maƙwabta su juya tare ta fuskoki kishiyoyi, abin da ya kira takun feda na keke. Lissafin da ya biyo baya bai bar maganar yadda take ba, amma ya gaskata ginshiƙinta: motsin ƙanƙane ne, a tsakiyar wutsiya, zobe da naiturojin kusan ba sa gusawa.

Ga yadda ake bin sa yau. A ɗauki siffar duhu, a ba kowane atom saurin da ya dace da zafin jiki, a ɗaga ilektiron zuwa matakin sama, a saki. Kowane taku na femtosakan ɗaya ko rabi sai an yi sabon lissafin kwantum. A femtosakan goma zuwa ashirin na farko babu juyawa. Ɗauri biyu ne ke saki suna tsawo, ɗauri guda suna tsukewa, har ƙofar juyawa ta buɗe a 11 da 12. Sannan murɗa ta kankama. Idan ta kusa digiri 90 sai matakin sama da na ƙasa su haɗu a wuri guda mai siffar mazurari, retinal ya zurara ƙasa ba tare da ya fitar da haske ba. A 2010 wata ƙungiya da ta haɗa Giulio Cerullo na Milan da Marco Garavelli na Bologna da Mathies ta bi wannan da leza da lissafi tare, suka ga isowa mazurarin a wajen femtosakan 80. Yanke shawarar lokacin tsallakawa daga mataki zuwa mataki ana yin sa ne da ƙa'idar John Tully ta 1990, wadda ke da ƙuri'a a cikinta.

Saboda ƙuri'ar nan da bambancin saurin farko, tafiya ɗaya ba ta faɗin komai. In nasarar gaskiya kashi 65 ce, tafiya 50 za ta ba ka amsa mai lilo da wajen kashi 7 sama ko ƙasa, tafiya 200 ta rage shi zuwa 3 da ɗoriya. Mai son kwatanta furotin biyu da nasararsu ta bambanta da kashi 5, ɗaruruwa yake buƙata a kowanne.

Me ke raba masu miƙewa da masu komawa? Amsar da lissafi ya fitar ta fi komai burge ni a wannan fage. Haidurojin biyu na kabon 11 da 12 suna kaɗawa sama da ƙasa da sauri fiye da murɗar kanta. In a lokacin zurarawa suna tafiya fuskar miƙewa, an yi nasara. In suna dawowa, retinal ya koma lanƙwasarsa, haske ya tafi a zafi. Wannan hasashe ne da za a iya ƙaryatawa, kuma an gwada: a 2018 aka maye gurbin haidurojin ɗin da mai nauyinsa, diyuteriyom. Sauya ɗaya kaɗai ya rage nasara, sauya biyun tare bai rage ba. A 2023 kuma ƙungiyar Gebhard Schertler ta ɗauki hoton rodofsin da lezar eksire a Suwizalan da Japan, fikosakan ɗaya bayan haske, aka ga retinal ya miƙe amma a murɗe, a matse cikin aljihun da bai riga ya buɗe masa ba. A cikin wannan matsi ne wajen kilokalori 35 daga cikin 57 ɗin hasken ke ajiye, su ne jarin da zai tura ginshiƙai.

Daga nan lissafi ke gajiya. Siffar da ke tayar da tiransdusin, inda ginshiƙi na shida ya buɗe waje da wajen angstrom 6, sai bayan kusan milisakan take bayyana. Da takun femtosakan 2, taku biliyan 500 ke nan. Injin da ke cin nanosakan 200 a yini zai yi kusan shekara 14. Ana bi ta dabaru, a tura furotin daga siffar farko zuwa ta ƙarshe a auna tudun da ke tsakani, amma amsar tana bin hanyar da mai turawa ya zaɓa. AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, ma ba ta shiga nan: siffa take bayarwa, ba ta faɗin inda haidurojin yake, ba ta san matakin sama ba.

Akwai kuma tambayar duhu. Rodofsin ɗaya yakan yi ɗaruruwan shekaru kafin zafi kaɗai ya miƙar da shi, amma kowace sanda tana da kusan miliyan 100, don haka jefi-jefi ana samun saƙon ƙarya. Horace Barlow ya ce tun 1957 furotin mai karkata wajen ja zai fi yawan wannan ƙarya. Lissafin 2012 na Samer Gozem da Olivucci ya nuna dalili: a ƙolin tudun da zafi ke haurawa, caji yana zamewa wajen zobe kamar yadda yake yi a matakin sama, don haka duk abin da ya ja launi wajen ja ya rage tsawon tudun. Dundumi iri biyu ma ana fahimtarsa daga nan. Na rashin bitamin A, wanda aka fi sani a ƙasarmu, aljihu ne ba retinal, maganinsa hanta da man ja da zogale da ƙwayar bitamin da ake ɗiga wa yara. Na gado kuwa, kamar inda asfatet ya maye gurbin gilaisin na 90, sabon cajin ne ke ƙwace wa gulutamet na 113 abokin riƙonsa, sanda ta zauna kamar kullum tana cikin haske. Wannan ba abinci ke gyara shi ba.

Abin da za a iya yi a Zinder

Cikakken lissafin atom 54 da tafiya ɗaruruwa aikin manyan injuna ne. Amma ɗalibin kimiyya a Jami'ar André Salifou mai kwamfutar cinya zai iya ganin mazurarin da idonsa. Akwai ɗan guntun retinal da ake kira PSB3: kabon 5, naiturojin 1, haidurojin 8, atom 14 ke nan, ɗauri biyu guda uku. Ilektiron 6 a mazaunai 6, hanyoyi 175 kacal. Manhajar lissafin kwantum ta OpenMolcas kyauta ce, ORCA ma kyauta ce ga masu karatu da bincike.

A daidaita siffarsa a matakin ƙasa. A yi CASSCF da ke ba matakai biyu nauyi ɗaya, da 6-31G*. Sannan a riƙa murɗa ɗaurin tsakiya digiri goma-goma daga 0 zuwa 90, a kowane zango a kafe kusurwar a bar sauran su sassauta a matakin sama, a rubuta ƙarfin matakan biyu. Gibin da ya fara a wajen kilokalori 100 zai yi ta tsukewa har ya kusa sifili. Wanda ya murɗa ba tare da ya bar tsawon ɗauri ya sauya ba zai ga tudu inda babu shi. Wanda ya fara da siffa shafaffiya ya ce kwamfuta ta nemi gangara da kanta, nan za ta tsaya, don ba ta da dalilin zaɓar dama ko hagu. A ɗan murɗa ta digiri biyar da hannu.

Sauran yaƙin da yanayi ne. A watan Afrilu da Mayu, zafi sama da digiri 40, injin kan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, aikin awa biyu ya koma biyar. A tayar da lissafi bayan isha'i, a ɗage kwamfutar daga tabarma ko katifa iska ta ratsa ƙasanta. Ƙurar hunturu tana toshe fankar ciki, a hure ta akai-akai. Kuran kuma yana ɗaukewa ba sallama. GROMACS na ajiye inda ya tsaya duk minti 15, ana tayar da shi da -cpi. ORCA na barin fayil mai ƙarewa da .gbw, OpenMolcas kuma RasOrb, duka ana ci gaba daga kansu, muddin ba a ajiye su a /tmp ba, inda sake kunna inji kan iya share su.

Waɗannan fayiloli suna da wani amfanin. Daga digiri 70 zuwa sama matakan biyu sun yi kusa har sukan musanya wuri, lissafi ya riƙa lilo tsakaninsu ya ƙi tsayawa. A nan a rage zangon zuwa digiri biyu ko uku, kowane zango ya karanta mazaunan wanda ya gabace shi maimakon ya fara daga farko, a kuma duba cajin ɓangaren naiturojin a kowane mataki: in ya yi tsalle farat ɗaya daga zango zuwa zango, matakan sun musanya, sai a bi wanda cajinsa ya ci gaba da na baya, ba wanda lambarsa ta zo daidai ba.